Kai Hari Ko Tsaron Gida: Wanne Ne Yake Ɗauko Kofin NBA?

 Yau ƙwallon kwando za mu taɓa. Na san masu kallon Firimiya za su ce me kuma ya kawo wannan, to ku ɗan yi haƙuri ku zauna, gardamar kun san irinta. Ita ce dai wadda ake yi a gidan kallo duk ranar da ƙungiya mai zuba ƙwallaye ta haɗu da mai kulle gida. Tambayar ita ce, a gasar NBA ta Amurka, idan aka shiga zagayen fitar da gwani, wa ya fi kusa da kofi, wanda ya iya kai hari ko wanda ya iya tsaro?

Kafin in faɗi ra'ayina bari in shimfiɗa muku yadda tsarin yake, domin a nan gizo ke saƙar. Ƙungiyoyi 30 ne, kowacce tana buga wasa 82 a kaka. Yau kana wannan gari, jibi kana wancan, babu kocin da yake da lokacin zama ya yi wa abokin karawa ɗaya karatun ta-natsu. Amma da zarar an tace an bar 16, sai lissafi ya canza. Ƙungiya ɗaya za ka yi ta fuskanta, wasa bayan wasa, har sai ɗayanku ya ci huɗu cikin bakwai. Kusan sati biyu kuna kallon juna. Mataimakan koci suna zaune da bidiyonka, sun san hannun da ka fi so, sun san kusurwar da ba ka iya jifa daga cikinta, sun san wanda yake gajiya a kwata ta huɗu. Kuma sai ka tsallake irin wannan zagaye har sau huɗu, wato nasara 16, kafin a miƙa maka kofi. Duk abin da ka ɓoye a wasa 82, a nan ake yin walƙiya a gan shi.

Masu cewa tsaro ne komai suna da hujjar da ba sa gajiya da kawowa, Detroit Pistons ta 2004. Sun haɗu da Los Angeles Lakers a wasan ƙarshe, Lakers ɗin da take da Shaquille O'Neal da Kobe Bryant, ga Karl Malone ga Gary Payton. Kusan kowa ya ba Lakers. Detroit ta ci huɗu, Lakers ta ci ɗaya, kuma a wasa na uku maki 68 kacal Lakers ta iya haɗawa. Ku auna fa, Shaq da Kobe suna fili. A watan Maris na shekarar ma Detroit ta hana ƙungiyoyi biyar a jere kaiwa maki 70. Ben Wallace a ƙarƙashin kwando, Tayshaun Prince da dogayen hannayensa a kan Kobe, wallahi abin ya yi kyau.

Sai dai ni ba na son a tsaya a kan Detroit, saboda wancan zamanin ya wuce. Daga kakar da ta biyo baya hukumar gasar ta tsaurara doka a kan sa wa mai ƙwallo hannu a jiki, fili ya buɗe wa masu gudu da masu jifa. Wanda ya yi ƙoƙarin tsaro irin na 2004 a yau, laifuka shida zai tara ya koma benci tun ba a je ko'ina ba.

Waɗanda suka fara cin moriyar sabuwar dokar su ne Phoenix Suns, ƙarƙashin koci Mike D'Antoni da Steve Nash. Tsarinsu shi ne a jefa ƙwallo cikin daƙiƙa bakwai ko ƙasa da haka, kafin abokan karawa su daidaita tsayuwa. Sun ci wasa 62 a kakar 2004 zuwa 2005, Nash ya zama gwarzon gasar shekara biyu a jere. Ko sau ɗaya ba su kai wasan ƙarshe ba. San Antonio Spurs ta Tim Duncan ta fitar da su a 2005, ta sake fitar da su a 2007. Magoya bayan Suns za su tuna maka cewa a 2007 an dakatar da Amar'e Stoudemire da Boris Diaw a wasa na biyar saboda sun taso daga benci lokacin da Robert Horry ya bangaje Nash, kuma gaskiya suna da abin faɗa. Amma kofi dai bai zo ba.

D'Antoni ya sake gwadawa a Houston da James Harden. A 2018 sun ci wasa 65, sun sa Golden State Warriors a gaba da ci uku da biyu a wasan ƙarshe na yankin yamma. Chris Paul ya ji ciwo a cinya, aka je wasa na bakwai ba tare da shi ba. Houston tana gaba da maki 11 a hutun rabin lokaci. A wannan daren sun jefa jifan maki uku sau 27 a jere ba su ci ko ɗaya ba. Sau 27. Mutanen da wannan jifan ne abincinsu tun farkon kaka. Wannan shi ne babban abin da nake tsoro game da ƙungiyar da ta dogara da jifa daga nesa: hannu yana da ranarsa. Ka yi duk abin da ya kamata, ka samu sarari babu kowa a gabanka, ƙwallon ta zagaya bakin kwando ta fito. Tsaro kuwa ƙafa ce da numfashi da magana tsakanin mutum biyar, waɗannan ba su cika ƙin zuwa fili ba.

To kun ji kamar na gama ba tsaro gaskiya ko? Ku dakata tukuna.

Abin da na lura da shi shi ne ba da mudu ɗaya ake auna hari da tsaro ba. Hari ana auna shi da wanda ya fi kowa iyawa a cikinku, domin kai ne mai zaɓen wanda za ka ba ƙwallo. Idan kana da Nikola Jokic, sai ka yi ta ba shi har a tashi. Tsaro kuwa da wanda ya fi kowa rauni ake auna shi, saboda abokin karawa ne yake zaɓen inda zai bi. Ko kana da zakuna huɗu, na biyar ɗin zai nema. Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to a wasa bakwai da ƙungiya ɗaya, aikin koci kenan, neman tsagar.

Yadda ake yi kuwa ba wani sihiri ba ne. A ce kai ne mai rauni a tsaro. Sai wanda kake gadi ya je ya tsaya ya tare wa mai gadin tauraronsu hanya. Dole ku yi musanya, kai ka koma kan tauraron. Shi ke nan, sauran su ja gefe su bar ku ku biyu, duniya tana kallo. Za a maimaita maka wannan sau goma, sau ashirin, har kocinka ya cire ka ko ku sha kashi. Haka Boston Celtics ta yi wa Luka Doncic a wasan ƙarshe na 2024. Luka ne ya fi kowa cin maki a gasar a wannan kakar, amma Jaylen Brown da Jayson Tatum suka yi ta nemo shi suna bi ta kansa. A wasa na uku ma laifuka shida ya tara aka fitar da shi ana saura 'yan mintuna. Boston ta ɗauki kofinta na 18 da ci huɗu da ɗaya.

Yanzu ga inda masu cewa tsaro ne komai ba sa son a je. Gwanin tsaro ma ana farautarsa, ta ɗaya ɓangaren. A 2015 Memphis Grizzlies tana gaban Golden State da ci biyu da ɗaya. Memphis tana da Tony Allen, mutumin da Kobe da kansa ya taɓa ambata a matsayin wanda ya fi ba shi wahala. Matsalar Allen ɗaya ce, ba ya iya jifa daga nesa. A wasa na huɗu sai koci Steve Kerr ya ce wa dogon ɗan wasansa Andrew Bogut shi ne zai yi gadin Allen, amma kada ya bi shi, ya tsaya kawai a kusa da kwando ya bar shi can ya yi ta jifa in ya ga dama. Sai ya zamana Memphis tana kai hari da mutum huɗu a kan biyar. Golden State ta ci wasa uku a jere, ta wuce, ta je ta ɗauki kofi. Kuma ga abin da mutane suke mantawa, wannan Golden State ɗin ta Stephen Curry da muke tunawa da jifan maki uku, ita ce ta ɗaya a tsaro a duk gasar a waccan kakar. Wanda aka ba kyautar gwarzon wasan ƙarshe ma Andre Iguodala ne, saboda shi aka ɗora wa gadin LeBron James.

Rudy Gobert ɗan Faransa sau huɗu yana lashe kyautar gwarzon mai tsaro. A 2021 ƙungiyarsa Utah Jazz ce ta fi kowa yawan nasara a kaka. A zagaye na biyu suka haɗu da Los Angeles Clippers, suka ci wasa biyun farko, sannan Kawhi Leonard na Clippers ya ji ciwo a gwiwa a wasa na huɗu. Kowa ya ce hanya ta buɗe wa Utah. Sai koci Tyronn Lue ya cire dogayensa ya zuba masu jifa biyar. Gobert ya shiga tsaka mai wuya: in ya tsaya a ƙarƙashin kwando, mutuminsa yana can kusurwa shi kaɗai, in ya fita, kwando ya zama babu mai gadi. A wasa na shida Utah tana gaba da maki 25, wani yaro Terance Mann da ba kowa ya san shi ba ya zuba maki 39, Clippers ta juye wasan. Ni dai ina ganin an ɗora wa Gobert laifin da ya fi nasa, domin abokan wasansa ne suka kasa tare kowa a waje, shi kuma ba zai rabu gida biyu ba. Amma darasin yana nan, tsaron da ya rataya a wuyan mutum ɗaya ana iya warware shi cikin sati biyu.

Akwai kuma ƙungiyar da tsaronta ba shi da tsaga, amma mai cin maki ɗaya gare ta. Chicago Bulls ta 2011 kenan, nasara 62, tsaro na ɗaya, Derrick Rose gwarzon gasa yana ɗan shekara 22. Miami ta ɗora LeBron a kansa a ƙarshen wasanni, babu na biyun da zai karɓi ragamar, aka fitar da su da ci huɗu da ɗaya.

Wasan da na fi so in ba mutum misali da shi shi ne na bakwai a wasan ƙarshe na 2016. Golden State ta ci wasa 73 cikin 82, tarihin da ba a taɓa kafawa ba, Curry yana zuba maki uku kamar ruwan sama. Cleveland ta taso daga ci uku da ɗaya ta rama. Ana saura minti huɗu da daƙiƙa 39 aka yi kunnen doki, 89 da 89. Daga nan Golden State ba ta ƙara cin ko maki ɗaya ba har aka tashi. Ƙungiyar da ta fi kowa iya hari a duniya fa. Iguodala ya taho a guje zai ajiye ƙwallo a kwando, LeBron ya biyo shi daga baya ya manna ta a allo. Wannan tsaro ne. Amma ita ma Cleveland ta kasa ci, kusan minti huɗu kowa yana jifa yana ɓaras. Da haka za a yi ta tafiya da ba a samu wanda zai fasa ba. Ana saura daƙiƙa 53, Cleveland ta yi dabarar nan da na faɗa muku, aka tilasta musanya har Curry ya koma kan Kyrie Irving, Kyrie ya ja baya ya jefa maki uku a kansa. Golden State ta dawo ta yi irin wannan dabarar, ta nemo Kevin Love, wanda kowa ya san shi ne tsagar Cleveland, ta haɗa shi da Curry. Love ya yi ta rawar ƙafa a gabansa bai bari ya wuce ba, Curry ya jefa ya ɓarar. Aka tashi 93 da 89. Cikin minti biyar ɗin nan an nuna komai: tsaro ya riƙe wasan, mutum ɗaya ya ci ƙwallon da babu tsarin da zai ba ka ita, sannan mai rauni ya tsaya da ƙafarsa sau ɗaya a lokacin da ake buƙata.

Wanda ya karanci wannan lissafi da kyau namu ne, Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya. Lokacin da yake shugabantar Toronto Raptors ta Kanada, ƙungiyarsa ta ci wasa 59 a 2018, amma LeBron ya share su huɗu babu ko ɗaya. Masai ya sallami koci Dwane Casey a shekarar da aka zaɓe shi gwarzon koci. Ya ba da DeMar DeRozan, ɗan gaban goshin magoya baya kuma mai ci musu maki, ya karɓo Kawhi Leonard, wanda wasa tara kawai ya buga a kakar da ta gabata kuma saura shekara ɗaya kwantiraginsa ya ƙare. Mutane sun zage shi sosai. A watan Fabrairun 2019 ya ƙaro Marc Gasol. Ku duba waɗanda ya tara: Kawhi sau biyu gwarzon mai tsaro, Gasol sau ɗaya, ga Kyle Lowry, ga Danny Green, ga Serge Ibaka, ga Pascal Siakam ɗan Kamaru. Duk wanda ka nemo a cikinsu zai iya tsayawa a gabanka, kuma babu wanda za ka yi wa abin da aka yi wa Tony Allen. Milwaukee ta ci su wasa biyun farko a wasan ƙarshe na yankin gabas, sai suka ɗora Kawhi a kan Giannis Antetokounmpo, sauran suka yi masa katanga a hanyar kwando, suka ci huɗu a jere. Eh, na sani, Kevin Durant da Klay Thompson sun ji ciwo a wasan ƙarshe, ba sai kun rubuto mini ba. Amma kafin a kai can, ai sai da Kawhi ya jefa ƙwallon nan a wasa na bakwai da Philadelphia, wadda ta yi tsalle sau huɗu a bakin kwando kafin ta faɗa. Mutum ɗaya, shi ne mai gadin tauraronsu, shi ne kuma mai jifan ƙarshe.

Wani zai ce to ya batun Lakers ta 2001, wadda ta zo ta 21 a tsaro a kaka amma ta ɗauki kofi, ko Denver ta 2023 da take tsaka-tsaki? Tambaya ce mai kyau. Lakers ɗin nan kakar ce kawai ba su ɗauka da zafi ba, da aka shiga fitar da gwani suka ɗaure ɗamara, suka ci 15 suka faɗi ɗaya, ɗayan ma sai da Allen Iverson ya zuba maki 48. Denver kuwa, a daren da ta ɗauki kofi a kan Miami, jifan maki uku 28 ta yi, biyar suka shiga. Harin da ake yabonta da shi bai zo fili ba. An tashi 94 da 89, wato ta ci ne saboda ta hana Miami kaiwa 90. Shi ya sa ba na yarda a ɗauko mini matsayin ƙungiya na wasa 82 a ce an gama magana. Abin tambaya shi ne, idan aka matsa, tana da mutanen da za su iya tsaron ko ba ta da su?

To idan kuka tsare ni kuka ce sai na zaɓi ɗaya, tsaro zan ɗauka. Dalilina shi ne, ƙungiyar da ba ta da tsaro tana buƙatar hannunta ya yi kyau sau 16, mai tsaro kuwa tana iya cin wasa ko a ranar da hannu ya ƙi. Sacramento Kings ta kafa tarihin ƙarfin hari a 2023, a zagayen farko ta fita. Amma da sharaɗi nake zaɓen, dole a cikin masu tsaron nan a samu mutum ɗaya da za a miƙa wa ƙwallo idan agogon daƙiƙa 24 ya kusa cika kuma duk dabara ta ƙare. In babu shi, Chicago ta 2011 za ka zama.

Oklahoma City Thunder ta 2025 ita ce hoton abin da nake nufi. Nasara 68, tsaro na ɗaya, kuma biyu daga cikin masu ƙuntata wa taurari, Luguentz Dort da Alex Caruso, babu ƙungiyar da ta zaɓe su ranar ɗibar sababbin 'yan wasa. A wasa na bakwai da Denver, Caruso aka ɗora a kan Jokic duk da ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba, ya hana shi sakat. A gefe guda kuma ga Shai Gilgeous-Alexander, wanda ya fi kowa cin maki a gasar. Duk da haka Indiana mai gudu da jifa ta kai su har wasa na bakwai, kuma Tyrese Haliburton ya tsinke jijiyar dunduniya tun a kwata ta farko. Da bai faɗi ba, Allah kaɗai Ya san yadda za a tashi, shi ya sa ban ce muku lissafin nan ba ya kuskure ba.

Kuma tun kafin a haifi yawancinmu wani ɗan Legas ya riga ya haɗa biyun a jikinsa. Hakeem Olajuwon a 1994 ya lashe gwarzon gasa, gwarzon mai tsaro, da gwarzon wasan ƙarshe, duk a kaka ɗaya. Houston da New York suka buga wasa bakwai babu wadda ta kai maki 100 ko sau ɗaya. A wasa na shida New York tana gaba da ci uku da biyu, tana bayan Houston da maki biyu, John Starks ya tashi zai jefa maki ukun da zai ba su kofi. Hakeem ya taso daga inda yake ya taɓa ƙwallon da ɗan yatsa. Shi ne kuma ya fi kowa cin maki a wannan karawar, a kan Patrick Ewing. Masu data ku nemi bidiyon wannan wasan ku kalli yadda yake motsa ƙafa, sannan ku zo mu ci gaba da gardamar a ƙasan wannan rubutu, musamman ku magoya bayan Luka, na san ba za ku ƙyale ni ba.